Ranar da Maigida Ya Ce Zai Sayi Bindiga

Tun da farko bari in faɗa miki gaskiya, ni ban taɓa riƙe bindiga ba. Ma'aikaciyar jinya ce ni, shekarata goma sha ɗaya a bakin aiki, kuma duk abin da na sani game da bindiga na koye shi ne a jikin waɗanda aka kawo mana asibiti cikin jini. To amma maganar ta shigo har ɗakina, ta zauna a kan tabarmar da muke cin tuwo, kuma na san ta shiga gidaje da yawa a yankinmu. Shi ya sa na ga ya dace mu yi ta tsakaninmu mata, tunda idan an sayo ta, a ɗakin ɗayanmu za a ajiye ta, a inda 'ya'yanmu ke rarrafe.

Mu mutanen Tsiga ne, a ƙaramar hukumar Bakori. A da idan aka ambaci yankinmu, masara da auduga da dawa ke faɗo wa mutum a rai. Yanzu kuwa kin san abin da ake tunawa. A daren 5 ga Fabrairun 2025 'yan bindiga suka shigo garin, suka tafi da Birgediya Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, tsohon shugaban hukumar masu yi wa ƙasa hidima, tare da wasu mutane. Sai da ya kwana 56 a hannunsu kafin Allah ya kuɓutar da shi a farkon Afrilu. Washegarin daren nan magana ɗaya ce a bakin kowa, daga bakin rijiya har majalisar maza: idan an shiga gidan janar ɗin soja an ɗauke shi, wane ne kuma ya rage?

Kwana uku da faruwar abin, bayan isha'i, yara sun yi barci, maigida ya ajiye cokali ya ce, "Ina so mu yi shawara." Duk matar da ta daɗe a ɗakin aure ta san wannan muryar. Ya ce ya ware buhu huɗu na masara daga wadda muka ajiye, zai kai kasuwar Bakori, kuɗin zai sayi bindiga da su.

Na ce, "Malam, bindiga kuma? Kai da ko kaza sai ka kira maƙwabci ya yanka?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ranar da kike aikin dare, ni kaɗai ne da Inna da yaran nan uku. Idan aka buga ƙofa, da me zan tsaya? Da taɓarya?"

Ban iya ba shi amsa ba a daren. Kuma ina roƙonki, idan naki mijin ya zo da irin wannan magana, kada ki yi masa kallon wanda ya zautu. Tsoro ne, da kunyar namijin da ke jin ba zai iya kare iyalinsa ba. Maganar ma ba daga bakinsa ta faro ba. A 2021 gwamnan lokacin, Aminu Bello Masari, da kansa ya fito ya ce mutane su nemi makami su kare kansu. A tsakiyar 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga. Idan masu mulki sun faɗi haka, me ake so malamin firamare mai 'yar gonarsa ya yi tunani?

Ashe ya riga ya yi bincikensa. Ya lissafa mini iri uku. Akwai ta maƙera, baushe, wadda wasu ke ce wa harba-ka-ruga, ana ɗura mata albarushi da 'yan ƙarafa ta baki. Ita ce mai araha, ita ce kuma kuɗinmu za su kai ba tare da wahala ba. Akwai ta Turawa mai baki ɗaya ko baki biyu, irin ta mafarauta, wadda ake karya ta a tsakiya a saka harsashi. Sai kuma wadda ake ja da hannu ta yi harbi da yawa a jere, wadda 'yan sa-kai ke sha'awa, ita kam ko gonar muka jinginar da ƙyar. Zuciyarsa ta fi karkata ga baushe, saboda ƙanensa ya san wani maƙeri.

A nan ne bakina ya buɗe, domin baushe na san ta farin sani.

Bututunta ba ƙarfen da aka ƙera don harbi ba ne. Sau da yawa bututun ruwa ne ko wani ƙarfen mota aka gyara. Ba wanda ya gwada iya ƙarfin da zai ɗauka, albarushin kuma da ido ake auna shi. Mutum yana cikin tsoro, hannu na rawa, sai ya ƙara awo wai don ta fi ƙarfi. Ko kuma ta daɗe a rataye, damina ta sa mata tsatsa a ciki, ko zanzaro ya yi ɗaki a bakinta. Ranar da aka danna kunama sai bututun ya fashe. Hannun hagu shi ke riƙe da bututun, fuska kuma tana daf da gindinsa. Na wanke irin wannan hannun ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Akwai wani magidanci da ba zan manta ba, yatsu uku suka tafi, ido ɗaya ya mutu, kuma ba ɓarawo ya harba ba, gwada ta ya je yi a bayan gari ranar da ya sayo ta. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa da goyo tana tambayata ko zai ƙara riƙe fartanya. Arahar da ya nema ta ci masa kuɗin magani da ya ninka kuɗin bindigar, ta kuma ci masa noman shekarar. Araha ba ta ado, haka iyayenmu suka ce, a nan kuwa har yatsu take ci.

Na ce masa to mu ɗauka ma ba ta fashe ba. Harbi ɗaya take yi, sai an sake ɗuri, kuma ɗurin ba na ƙiftawar ido ba ne. Sunanta ma ya gaya maka abin da za ka yi bayan ka harba. Kai kuwa ina za ka ruga, Inna na ɗaki, yara na ɗaki? Waɗanda ke zuwa ba mutum ɗaya ba ne, a kan babura suke zuwa da yawa, da AK-47 wadda gidan harsashinta ɗaya ke cin 30, kuma tana kai wa inda bindigar farauta ba ta ko kusa. Mutanen Bakori ba sa bukatar a ba su labari. A Fabrairun 2023 'yan sa-kai suka bi sawun shanun da aka kora daga yankinmu zuwa dajin Yargoje a Ƙanƙara, aka yi musu kwanton ɓauna, 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 41. Ba ragwaye ba ne. Jarumai ne da suka fita da abin da ke hannunsu, Allah ya jiƙan su.

Ya ce, "To ta Turawan fa? Ita ai ba ta fashewa."

Gaskiya ne, ta fi aminci nesa ba kusa ba. Amma akwai abin da maza ba sa lissafawa. Harsashin irin wannan bindigar ba ƙwaya ɗaya ba ce, 'yan ƙwayoyin dalma ne masu yawa, suna fita suna bazuwa. A daji wannan shi ne amfaninta, shi ya sa take samun zabuwa ko zomo a guje. A cikin gida kuwa? Dubi gidajenmu: zana, ƙofar langa-langa, tagar katako, labule. Ɗakin surukarki yana kallon naki, maƙwabta suna bayan katanga, a lokacin zafi kowa a tsakar gida yake kwana. Mutumin da aka tashe shi daga barci da ƙarfe biyu na dare, babu wuta, zuciya na bugawa, inuwa kawai yake gani. An taɓa kawo mana wani saurayi da ƙwayoyi sun fi ashirin a cinya da mara. Ya dawo daga kallon ƙwallo, ya tarar an kulle gida, ya haura katanga don kada ya tashi mutane. Yayansa uwa ɗaya uba ɗaya ne ya harbe shi. Yaron ya rayu, amma har aka sallame su yayan bai iya haɗa ido da mahaifiyarsu ba.

Sai maganar hukuma, wadda yawancinmu ba mu sani ba sai an shiga hannu. Dokar makamai ta Najeriya tun 1959 take, kuma ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai haramtattu, irin na yaƙi, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai na ƙashin kai, inda bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu ta faɗo, lasisinsu yana ƙarƙashin Sufeto Janar na 'yan sanda. Akwai kuma masu ɗuri ta baki irin baushe, maganarsu tana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ita waccan mai ja da hannu, 'yan sanda sun sha sanar da cewa suna lissafa ta cikin haramtattu. Dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka yanke wa hukunci kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Ƙera bindiga ba da izini ba ma laifi ne, don haka maƙerin da mai sayen duk suna cikin haɗari. Mallaka ba lasisi kuwa na iya kai mutum ɗaurin shekara goma. Kuma a Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da sabon lasisin ƙananan makamai. Maigida ya je ya tambayi wani abokin karatunsa ɗan sanda, amsar da ya dawo da ita ke nan.

Kin ga tsaka mai wuyar da aka jefa talaka: gwamna ya ce ka nemi makami, ofishin lasisi a rufe, ɗan bindiga kuma ba ya tambayar kowa izini. Wannan ya ba ni haushi, har yau yana ba ni. Amma haushina ba zai fito da mijina daga kurkuku ba idan aka kama shi a shingen bincike, kuma a wannan zamani wanda aka gani da bindiga ba takarda, kafin ya gama bayani an riga an kira shi ɗan bindiga ko mai kai musu rahoto.

Abin da na ɓoye sai ƙarshe shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai, wato yaran. Babban ɗanmu shekararsa tara. Babu lungun da bai sani ba a gidan nan. Inda nake ɓoye madara ya sani, inda babansa ke ajiye canji ya sani. Ke ma kin san naki. Muna ruɗin kanmu ne idan muka ce "ai a saman sif take" ko "ai a ƙarƙashin katifa take, ba wanda ya sani." Yarinyar da ta fi daɗewa a zuciyata cikin duk aikina ba ta wuce shekara shida ba, sa'ar 'yata. Yayanta ne ya jawo bindigar babansu daga bayan buhuna, suna wasan 'yan bindiga da sojoji, wasan da duk yaranmu ke yi yanzu da karan dawa. A ɗure take, saboda uban ya ce idan ba a ɗure take ba ina amfaninta. Ba mu samu yi mata komai ba. A Amurka, inda suke da bindigogi masu kyau da akwatunan ƙarfe da asibitocin da ba mu da irinsu, alƙaluman hukumar lafiyarsu sun nuna cewa daga 2020 bindiga ta zama kan gaba wajen kashe yara da matasa, ta wuce haɗarin mota. Ina ga mu da ke ɗaki ɗaya da yara biyar?

Akwai kuma abin da ba ma son faɗi. Gida ba kullum ake dariya ba. Akwai ranar faɗan kishiyoyi, akwai rigimar gado da iyakar gona, akwai saurayin da ya fara shaye-shaye, akwai magidancin da bashin kuɗin fansa ya sa shi daina barci da magana. Fushin da a da zai ƙare a zagi ko mari, idan makami na kusa yana iya ƙarewa a maƙabarta cikin minti ɗaya.

Wadda ta raba mana gardama ita ce Inna, surukata. Ashe duk tana jin mu. Marigayi mijinta maharbi ne, an san shi a ƙauyukan nan. Da safe ta kira mu ɗakinta, ta ce wa ɗanta, "Kai, ubanka ya shekara arba'in da bindiga, ka taɓa ganin ta a ɗure a cikin gida?" Ya ce a'a. Ta ce albarushinsa a ƙaho yake, ƙahon a wani ɗaki, bindigar a wani ɗaki. Sai ya fita gari yake ɗura ta, idan bai harba ba sai ya sauke ta kafin ya shigo. Bai taɓa nuna bakinta ga mutum ba ko da wasa, kuma ya shekara bakwai yana bin ubangidansa da ɗaukar jaka kafin a bar shi ya danna kunama. Ta ce, "Shi sana'a ya koya. Kai tsoro ne zai saya maka ita, tsoro kuwa ba ya iya saiti."

Ba zan yi miki ƙarya in ce duk mai bindiga a yankinmu ya yi kuskure ba. Akwai garuruwan da suka haɗa kai suka kori maharan, kuma na san mata da yawa da ke barci saboda sun san samarin unguwa na sintiri. Amma lura, haɗin kai ne ya yi aikin, da tsari, da sanin hukuma, ba mutum ɗaya a zaurensa ba. Tun Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma na jiha, matasan yankunan da abin ya shafa, aka ba su horo da kayan aiki. Wanda ke da zuciyar tsayawa, irin wannan ƙofar ta fi masa ta maƙeri.

Idan kuma an riga an kawo ta gidanku, kamar yadda ƙanen maigida ya kawo tasa duk da maganar Inna, to ga abin da na zaunar da matarsa na gaya mata. Kada ta kwana a ɗure. Bindiga wuri ɗaya, harsashi ko albarushi wani wuri, kowanne da kwaɗo, makulli a jikin mutum ɗaya, ba a ƙusa ba. Albarushi ya yi nesa da murhu da fitila da garwashin turaren wuta. A gaya wa yara ƙarara: ka gan ta, kada ka taɓa, fita, kira babba. A yi yarjejeniya da duk mai shigowar dare ya yi sallama da sunansa tun daga waje. Idan wani a gidan ya shiga damuwa mai tsanani ko shaye-shaye, ko rigima ta yi zafi, a fitar da ita daga gidan gaba ɗaya. Kuma kafin ki bar ɗanki ya je wasa gidan maƙwabta, ba rashin kunya ba ne ki tambayi uwar gidan ko akwai, kuma ina take.

Wannan kuma ki riƙe shi ko da bindiga a gidanku ko babu, domin aikina ne. Idan harbi ya samu mutum, jini ne ke fara kashe shi. Ki samu zane mai tsabta ki danne wurin da duk ƙarfinki, kada ki riƙa ɗagawa kina leƙe. Idan ya jiƙe, ɗora wani a kai ki ci gaba da dannawa. Idan hannu ne ko ƙafa kuma jinin na tsartuwa ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da raunin da ƙyalle mai faɗi, a matse sosai, a riƙe lokacin da aka ɗaure don a gaya mana. Kada a tona neman harsashi. Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko garin magani, ko man birki, duk na ga an yi, duk ruɓewa suke jawowa. Idan a ciki ne ko ƙirji, kada a ba shi ruwa ko abinci, ana iya bukatar yi masa aiki. A rufe shi da mayafi, a kama hanyar asibiti. Ko ƙaramin rauni ne a kawo shi, saboda allurar tetanus, musamman harbin baushe da ke tura tsatsa da tsumma cikin nama. Kada kuma a tsaya neman takardar 'yan sanda. Tun ƙarshen 2017 akwai dokar da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara ba shi magani, da takarda ko babu, ba tare da jiran a fara biyan kuɗi ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda daga baya.

Mu dai ga yadda muka ƙare a lokacin. Buhu biyu suka tafi wajen ƙofar ƙarfe da ƙarin tsawon katanga da fitilar sola a ƙofar gida. Biyu suka tafi taki. Maigida ya shiga jerin masu kwanan sintiri na unguwa da tocila da usur, muna kuma ba da namu kason na kuɗin mai da shayin masu gadi. Yara sun san ta inda za a fita da gidan da za a haɗu idan aka ji harbi, mun gwada sau biyu da rana kamar wasa. Na roƙi a rage mini aikin dare, aka rage. Ba zan ce miki ina barci kamar da ba. Ƙofar ƙarfe ba za ta hana wanda ya zo da niyya ba, ni ma na sani, shi ma ya sani.

A Agustan 2025, da labarin masallacin Unguwar Mantau a Malumfashi ya iso, inda aka buɗe wa masu sallar asuba wuta, maigida ya wuni bai ce uffan ba. Da dare ya ce, "Kin ji ko?" Na ce na ji. Na ce kuma na ji hukuma ta ce ramuwa ce, saboda mutanen garin sun yi wa maharan kwanton ɓauna kwanaki kaɗan kafin nan. Ya ce, "To da su zauna a yi ta kwasar su?" Na ce ban ce ba. Muka yi shiru, kowa da gaskiyarsa a baki.

Da aka kawo amfanin bana, na shiga ɗakin ajiya ɗebo dawa, sai na ga buhu huɗu na masara an jingine su daban a kusurwa, an rufe da tsohuwar tabarma. Bai ce mini na mene ne ba. Ni ma har yau ban tambaya ba.